Rogo da sabon halin damana

Tsofaffinmu da suka riƙe hauya kafin farin 1973 suna ba da labarin wata damana da mu ba mu tarar ba. Ruwa ya sauka a kan lokacinsa, a yi shibka sau ɗaya, a yi noma, a yi maimai, hatsi ya nuna ruwa bai ɗauke ba. Yau manomi kan yi shibka sau biyu, wani lokaci har sau uku. Ruwan farko ya zo, kowa ya fita da iri, sa'an nan sama ta yi shiru kwana 15 ko 20, tsiron ya ƙone. Can cikin watan Agusta kuma, ruwan da aka yi ta roƙo sai ya zubo cikin dare ɗaya, ya cika gulbi, ya kwashe gona.

Masana yanayi sun tabbatar da abin da manomi ya gani da idonsa. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da gas da duniya ke ƙonawa ya ƙara zafi, zafin kuma ya sake halin ruwan sama. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan komo a ƙasashen Sahel, amma bai komo da halinsa na da ba. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ɓarna sun ninka sau uku a yankinmu tun daga 1982. Mun gani a 2020, lokacin da kogin Kwara ya fasa madatsai a Yamai. Mun sake gani a 2024, lokacin da ambaliya ta shafi mutum sama da miliyan 1 a ƙasar nan, ta rushe gidaje a Maraɗi, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi.

A cikin wannan hali ne mutane da yawa suka waiwayi rogo. Da can abin marmari ne, a dafa a ci da yaji da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa. Bayan farin 1984, da hukuma ta ja hankalin jama'a ga noman rani, rogo ya ƙara samun wuri a cikin garake. Yau ana samunsa a ƙasar Gaya da cikin Dallol, da fadamun Matamai da Magariya, da gefen gulbin Maraɗi wajen Madarunfa, da wasu kwaruruka na jahar Tawa. Muna jin ana cewa rogo ba ya tsoron fari. Maganar tana da gaskiya, amma ba ta cika ba. Wanda ya ɗauke ta haka nan, ya dasa ya koma gida ya kwanta, shi ne zai yi wa rogo kallon kitse.

Abin da rogo ke iya jurewa

Rogo baƙo ne a Afirka. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, ƴan Fotugal suka kawo shi bakin teku shekaru sama da 400 da suka wuce. Yau maƙwabciyarmu Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noma shi.

Dabararsa a lokacin fari abin mamaki ce. In ruwa ya yanke, sai ya rage shan ruwa, ya zubar da ganye, ya tsaya kamar busasshen icce. Wanda bai san shi ba sai ya ce ya mutu. Da ruwa ya komo, sai ya sake toho da abincin da ya ajiye a cikin saiwarsa. Hatsi ba shi da wannan dama: in ruwa ya ɗauke lokacin da yake fidda kai, aikin shekara ya tafi. Rogo kuwa ba shi da ranar girbi da za a ce in ta wuce an yi hasara. Ana iya barinsa a ƙasa wata da watanni bayan ya ƙosa, ana tonon na kwana biyu ana barin saura. Ƙasa ita ce rumbunsa. Ko fara ta cinye ganyen, kamar yadda ta yi wa gonaki a 2004, abin da ke cikin ƙasa yana nan.

Amma rogo ya fi son ƙasar da ke samun ruwa milimetir 1000 ko fiye a shekara. Gaya, wadda ta fi ko'ina ruwa a ƙasarmu, tana samun kimanin 800. Maraɗi tana samun kimanin 500, Damagaram da Tawa ba su kai haka ba. Ke nan a mafi yawan wurarenmu ba ruwan sama kaɗai ke riƙe da rogo ba. Laimar ƙasa ce, da ruwan da ke kusa a fadama, da rijiya. Shi ya sa duk abin da ya taɓa fadama ya taɓa rogo.

Wata uku na farko

Haƙurin da ake yabon rogo da shi, na babban rogo ne. Sabon dashe jariri ne. Daga ranar da aka soka itacen a ƙasa har wata uku, yana bukatar laima ba yankewa, domin a lokacin ne yake fidda saiwa. In ƙasa ta bushe a wannan lokaci, itacen ya bushe tare da ita, gara kuma ta gama da saura.

Saboda haka manoman da ke dasawa da damana sun daina gaggawar bin ruwan farko. Hatsi ana iya yi masa binne, in ya lalace a sake zuba wani iri, tiya ɗaya ta isa wuri mai faɗi. Itacen rogo kuwa in ya ƙone, samun wani aiki ne. Sai su jira ruwa ya zauna, su tona su ga laima ta sauka kamu guda, sa'an nan su dasa. Wasu kuma ba su dasa gonar duka rana ɗaya. Su dasa rabi yau, su bar rabi sai bayan mako biyu ko uku. In tsaikon ruwa ya kama na farko, na biyu ya tsira.

Masu fadama suna da wata hanya. Suna jira ƙarshen damana, ruwa ya fara janyewa, su bi bayansa suna dasawa a cikin danshin da ya bari. Sanyin hunturu yana rage saurin girman rogo, amma ba ya kashe shi, kafin zafin bazara ya zo saiwa ta riga ta nutse. Wanda ke da rijiya a garkarsa yana taimaka masa da ban ruwa a makonnin farko, daga baya ya rage.

Ga yadda malaman gona ke cewa a yanka iri. A zaɓi itacen da ya ƙosa, daga tsakiyar sanda, ban da ɗanyen kai, ban da tsohon gindi. Tsawonsa ya kai santimetir 20 zuwa 30, wato taƙi guda da ɗan ƙari, da ido 5 zuwa 7. A yanka da wuƙa mai kaifi don kada bakin ya tsage. A dasa a karkace, idanun suna kallon sama, kashi biyu cikin uku a cikin ƙasa. Inda ƙasa rairayi ce mai saurin bushewa, a ƙara nutsa shi. Tsakanin gindi da gindi metir 1. Da wannan tazara, eka guda, wato fili mai metir 100 a tsawo da metir 100 a faɗi, tana ɗaukar gindi 10.000.

Irin rogo ba ya shiga tulu

Nan ne muke so mu daɗe, domin nan ne aka fi yin hasara, kuma ba a cika maganarsa ba. Irin hatsi ana ɗaure shi a rataye, ko a zuba a tulu da toka, ya kai shekara. Irin rogo icce ne mai rai. Daga ranar da aka sare shi yana shan ruwan jikinsa. In damana ta makara da wata guda, wannan wata gudan daga jikin irin yake fita.

Mu kanmu mun taɓa yin wannan kuskure. Wata shekara mun samo daman itacen rogo domin garkar wata makarantar yaƙi da jahilci da muke kewayawa. Muka aje su kwance a bayan ɗaki, muka ce ruwa na nan tafe. Ruwa ya yi mako uku bai zo ba. Ranar dashe muka ga itacen ya yi sauƙi a hannu, muka ce ba kome. Ko rabi bai tsiro ba. Wani dattijo cikin ɗalibanmu, wanda a lokacin bai gama koyon rubuta sunansa ba, shi ya nuna mana yadda ake yi. Ranar nan malami ya koma ɗalibi.

Ba a yanka itacen gunduwa-gunduwa sai ranar dashe ko jajiberinta. A bar sandunan da tsawonsu, a ɗaure su dami, a tsayar da su a inuwar icce, gindinsu cikin rami marar zurfi. A riƙa yayyafa ruwa a gindin, a zuba toka kewaye saboda gara. Kafin a dasa, a kankare ɓawon da farce: in cikin kore ne, kuma farin ruwa ya fito, itacen na da rai. Abin da ya fi wannan duka shi ne a bar layi biyu ko uku ba a tone ba, kusa da rijiya, su zama gonar iri. Mai irin nan ba ya zuwa roƙo, ba ya sayen abin da bai san asalinsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sanin asalin iri yana da muhimmanci saboda cuta. Akwai cutar da ke sa ganyen rogo ya nannaɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya, gindin ya tsumbure. Wani ɗan farin ƙuda ne ke ɗaukarta daga gindi zuwa gindi, amma babban mai yaɗa ta shi ne manomi da kansa, in ya yanki iri daga gindi mai ciwo. Ba ta da maganin feshi. Maganinta a zaɓi iri tun ganye na jikin rogo, a ɗaura wa lafiyayyun gindi tsumma don a gane su, mai ciwo kuma a tuge shi tun yana ƙarami. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta daɗe tana fitar da ire-iren rogo masu jure wannan cuta, a nan gida kuma INRAN ce ke aikin binciken noma. A tambayi malamin gona na kusa irin da aka gwada a yankinku.

Ko an samu sabon iri, ba mu ba da shawarar a zubar da na gida. Akwai rogo mai saurin ƙosawa, wata 6 zuwa 9, akwai mai kai shekara ko fiye. Mai saurin yana fidda mutum kunya da wuri, amma sau da yawa ba ya son daɗewa a ƙasa. Mai jinkirin shi ne rumbu. Manoma masu lura suna dasa biyun.

In ruwa ya yi yawa

Rogo ya fi tsoron ambaliya bisa ga fari. In ruwa ya kwanta a gindinsa ƴan kwanaki, saiwar ta ruɓe, a tono ta tana wari. Fadamar da kakanni suka sani da ruwa daidai, yau tana iya zama tabki cikin dare ɗaya. Don haka masu rogo sun fara hawa gefen fadama, inda jigawa ta haɗu da laka, suna barin tsakiya ga shinkafa ko rake. Inda ba a iya matsawa, sai a yi kunya mai tudu a dasa bisa kanta, a fidda wa ruwa hanya. In kuwa ruwa ya riga ya shiga kuma ba alamar zai janye, kada a tsaya jira. A tone abin da ya ƙosa, a fere, a yanka, a shanya. Rogon da aka tono ba ya wuce kwana 2 ko 3 sai ya fara baƙi, sai fa in an sarrafa shi.

Tsakanin layuka ana iya shibka wake ko gyaɗa a watannin farko, kafin rogo ya rufe. Suna rufe ƙasa, suna rage zafinta, suna kuma gyara ta. Takin dabbobi da tokar murhu suna ƙara wa saiwa kauri. Shimfiɗa kara ko ciyawa a gindi yana riƙe laima, sai dai a lura, inda gara ta yi yawa kada a manna shi da itacen.

Da rani akwai wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke taruwa a kan tohon rogo, ya sa shi ya dunƙule. Ya shigo Afirka a farkon shekarun 1970, ya yi ɓarna ƙwarai. Masana suka je Amurka ta Kudu suka samo wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke kashe shi, aka fara sakinsa a Najeriya a 1981, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Wanda ya yi ta fesa maganin ƙwari a kan rogo yana iya kashe wannan mataimaki nasa, ga hasarar kuɗi.

Sai maganar dabbobi. Rogo yana tsaye kore lokacin da aka saki gonaki, kuma a shekarar fari garkunan dabbobi kan gangaro kwari da wuri. Garkar rogo marar shinge gayyatar rigima ce. Darnin kara sai an sabunta shi kowace shekara, karan kuma yanzu abincin dabba ne mai kuɗi. Shingen aguwa ya fi, tun da ita ma itacenta ake dasawa, dabba kuma ba ta cinta. Kada dai a dasa rogo a kan burtali ko a toshe hanyar mashaya, ko da wurin ya fi ko'ina laima.

Fari na ƙara wa rogo dafi

Wannan sashe na uwayen gida ne, amma maigida ma ya karanta. Kowane rogo yana da dafi a jikinsa, wani kaɗan, wani da yawa. A cikin rogo mai daɗi, wanda muka saba dafawa, mafi yawan dafin a ɓawo yake. A cikin mai ɗaci kuwa yana ko'ina. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rogon da ya sha fari dafinsa ƙaruwa yake yi. Irin da aka ci bara lafiya lau, bana yana iya yin ɗaci. Kuma shekarar fari ita ce shekarar da yunwa ke sa a yi gaggawar dafuwa.

A 1981 an yi fari a arewacin ƙasar Mozambik. Kome ya ƙone sai rogo mai ɗaci. Mutane suka yi ta cinsa ba tare da sun jiƙa shi yadda ya kamata ba, ba kuma wani abinci a gefe. Sama da mutum 1000 ƙafafunsu suka shanye, mafi yawansu mata da yara. Ana kiran ciwon konzo, kuma wanda ya kama ba ya warkewa. Ba mu kawo wannan labari don a ji tsoron rogo ba. Miliyoyin mutane ke cinsa kullum lafiya, domin dafin yana fita in an bi hanya.

Rogo mai daɗi: a fere shi sosai, a yanka ƙanana, a dafa da ruwa mai yawa, tukunya a buɗe, a zubar da ruwan. Kada a ba yaro ɗanyen rogo ya tauna, kome daɗinsa. In an ɗanɗana an ji ɗaci, dafuwa kaɗai ba ta isa ba. A fere, a jiƙa cikin ruwa kwana 3 zuwa 5 har ya yi laushi, sa'an nan a shanya ya bushe ƙarau kafin a daka. Ko kuwa a goge shi, a zuba a buhu, a danne da dutse kwana 2 ko 3 ruwan ya tsiyaye, a soya ya zama gari. Ruwan jiƙon ba na sha ba ne, ba na dabba ba ne. Ɓawon ma sai ya bushe a rana kafin a ba tumaki.

In an sayi garin tuwon rogo a kasuwa ba a san yadda aka yi shi ba, akwai dabara mai sauƙi. A kwaɓa shi da ruwa, a baza shi a faranti kada kaurinsa ya wuce farce, a bar shi awa 5 a inuwa ko awa 2 a rana, sa'an nan a tuƙa. Mafi yawan dafin zai fita ya bi iska.

Wanda ya ci rogo, bayan ƴan awoyi ya ji jiri, da ciwon kai, da amai, da ciwon ciki, da kasala, a kai shi gidan likita nan take. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kuma gaya wa likita abin da ya ci.

Rogo yana cika ciki, yana ba da ƙarfin aiki, amma abincin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, bai kai na hatsi ba. Yaron da aka yaye da gari da ruwa da sukari kaɗai, cikinsa zai cika, jikinsa ba zai ginu ba. A haɗa masa da wake, ko ƙuli-ƙuli, ko kifi, ko nono, ko zogale. Wannan haɗin yana kuma taimaka wa jiki ya fidda ɗan dafin da ya rage. Ganyen rogon kansa ya fi saiwar gina jiki, in an kirɓa shi an dafa sosai. Gidan da ke yawan cin rogo kuma ya riƙe gishiri mai iyod, saboda maƙoƙo.

Ruwan ƙasa

Akwai abin da ke damunmu, kuma ba mu ga an zauna a kansa ba a ƙauyukan da muke kewayawa. Injin ban ruwa ya yawaita, na fetur da mai aiki da hasken rana. Alheri ne, ya hutar da mutane jan guga. Amma mai hasken rana ba ya cin mai, don haka wasu ke barinsa yana zuba tun safe har la'asar. Fadama ɗaya ce, ruwan da ke ƙarƙashinta ɗaya ne. In na sama ya ja fiye da kima, rijiyar maƙwabcinsa mai guga ita ke fara ƙafewa. Babban rogo ba ya bukatar ruwa kullum kamar albasa ko salati, yawan ruwan ma cutarsa yake yi. Ya kamata masu garake na kowace fadama su zauna da maigari su tsara ranakun ban ruwa tun rijiyoyi ba su nuna alama ba.

Ga ɗalibanmu kuma, ga aikin gida. Kowa ya ware shafi guda a littafinsa domin rogo. Ya rubuta ranar da ruwan farko ya sauka, da ranar da ya dasa, da sunan irin da wurin da ya samo shi, da yawan gindin da suka tsiro, da watan da ya fara tono, da ko an ji ɗaci. A ƙarshen shekara a kawo wa malamin makaranta, mu kuma za mu tattara in mun zo kewaya. Muna so musamman mu san sunayen da kowane gari ke kiran ire-iren rogonsa da su, da wanda ya fi jure tsaikon ruwa a cikinsu, domin mu buga a wannan shafi mutanen Gaya su ji na Magariya.